DUSAR DA MUKE ZUBA WA AWAKI



Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyarwa, Mai shayarwa, Mai ba da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

'Yan uwa, rubutun yau kan abin da ba mu son ambata ne a cikin mutane. Maganar ciki ce, da bayan gida, da basir. Wanda ya ji nauyi ya daure ya karanta har ƙarshe. Addinin da ya koya mana da wace ƙafa za mu shiga makewayi, da wane hannu za mu yi tsarki, bai bar mana hujjar jin kunyar wannan magana ba.

Akwai wani dattijo a masallacinmu a nan Sakkwato. Shekara da shekaru ban san sahun farko babu shi ba. Sai na lura ya koma sahun baya, kusa da ƙofa. Daga baya ma sai ya fara rasa wasu salloli. Na ɗauka tsufa ne. Wata rana bayan Asuba ya jira har mutane suka watse, ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce:

"Malam, tambaya ag gare ni, amma kumya nika ji."

Na ce, "Baba Alhaji, ai babu kunya wurin neman sanin addini. Faɗi."

Ya ce, "Wanga basir ya hana ni sakat, yau wata huɗu. In na zauna tahiya awa bisa ƙaya nike. Wani lokaci in na koma gida sai in ga jini ga wando. Shin sallata tana nan kuwa? Shi yas sa kag ga na ja baya."

Wallahi sai da zuciyata ta karye. Mutum yana ɗauke da ciwo, yana kuma ɗauke da waswasi, wata huɗu shi kaɗai, saboda kunya.

Na fara kwantar masa da hankali ta fuskar fiƙihu. Na gaya masa cewa Sahabi Imrana ɗan Husaini (RA) ya yi fama da basir, kuma bai ɓoye ba, ya tambayi Manzon Allah (SAW) yadda zai yi salla. Aka ba shi sauƙi: ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance ta gefe. Hadisin yana cikin Bukhari. Na gaya masa a mazhabarmu ta Malikiyya jini ba ya cikin abubuwan da ke warware alwala, sai dai a wanke shi saboda najasa ne, kuma malamanmu sun sanya danshin basir da ke yawan taɓa tufa cikin abubuwan da aka yi rangwame a kansu saboda wahalar kauce musu. Wasu mazhabobin suna ganin duk abin da ya fita ta mafitan nan biyu yana warware alwala, amma su ma sun yi sauƙi ga mai lalura mai ɗorewa. Na ce, "Baba, sallarka tana nan. Yanzu saura jikinka. Wane magani kake sha?"

Sai ya lissafa mani jarkoki uku na jiƙo da ya saya wurin masu yawo da lasifika, da wani gari da aka aiko masa daga ƙauye. Ya ce sai ya kwana uku, wani lokaci huɗu, bai zaga ba, kuma in ya shiga sai ya daɗe yana yunƙuri har gumi ya karyo masa.

Na kira babban ɗansa, muka lallashe shi, muka kai shi asibiti. Likitan matashi ne, ɗa ne a wurinsa. Ya duba shi da kyau, ya ce Alhamdu lillahi basir ne, ba wani abu da ya fi shi ba. Sai ya ce, "Baba, ku gaya mani abin da kuka ci jiya daga safe har dare." Baba ya ce shayi da burodi da safe, shinkafa da miya da rana, sai lemon kwalba saboda zafi, da dare taliya da ɗan tsire. Shekaranjiya fa? Kusan haka. Sai likita ya ce, "Baba, kuna kiwo a gida?" Ya ce awaki huɗu da rago. "Me kuke ba su?" Ya ce dusa da harawa da ɓawon wake. Likita ya yi murmushi ya ce, "To Baba, ku gafarce ni, awakinku sun fi ku samun abin da hanji yake so."

Muka yi dariya gaba ɗaya. Amma a hanyar komawa gida na riƙa lissafa abin da ni kaina na ci a makon nan, sai na ga dariyar ta koma kaina. Kuma nan take wani hadisi da na sha karantar da ɗalibai ya faɗo mani a rai, kamar ban taɓa jin sa ba.

GARIN DA BA A TANKAƊE BA

Imamul Bukhari ya ruwaito a Kitabul Aɗ'ima cewa Abu Hazim ya tambayi Sahabi Sahlu ɗan Sa'ad (RA) ko Manzon Allah (SAW) ya ci farin gari tatacce. Sahlu ya ba shi amsa cewa Annabi bai ga irin wannan gari ba tun da aka aiko shi har ya koma ga Allah, kuma bai ga rariya ba. Abu Hazim ya yi mamaki, ya tambaya to yaya suke cin sha'ir ba a tankaɗe ba? Sahlu ya bayyana masa cewa niƙawa suke yi su hura, abin da zai tashi na ƙaiƙayi ya tashi, sauran su kwaɓa su ci.

Ku duba da kyau. Gidan da ya fi kowane gida daraja a bayan ƙasa, gurasarsu da dusarta ake ci. Nana A'isha (RA) kuma ta kasance tana umurni a dama wa maras lafiya da wanda aka yi wa rasuwa talbina, wani kunu da ake yi da garin sha'ir. Anas (RA) ya ga Annabi yana bin yankan kabewa a cikin akushi. Abdullahi ɗan Ja'afar (RA) ya gan shi yana cin ɗanyen dabino da kokwamba. Yana cin nama idan ya samu, yana son karfata, amma nama ba abincin kullum ba ne a gidansa.

A nan sai in ja hankali, don kada gobe wani ya ce Malam ya haramta rariya. Ban haramta ba, kuma ba wanda ya isa. Wannan babin al'ada ne da abin da ake da shi a wancan zamani, ba babin ibada ba. Imamul Gazali ya kawo a cikin Ihya'u cewa an lissafa rariya da teburin cin abinci da cika ciki cikin abubuwan da suka faru bayan Annabi, sannan ya yi bayani cewa rariya halal ce matuƙar ba a kai ga wuce iyaka wurin jin daɗi ba, cika cikin nan shi ne mafi muni a cikinsu. Don haka wanda ya ci farar shinkafa bai yi zunubi ba. Abin da nake cewa shi ne: jikin nan amana ne, kuma Allah Ya umurci mutum a cikin Suratu Abasa ya dubi abincinsa, sannan Ya lissafa ƙwayar hatsi da inabi da ganye da zaitun da dabino da 'ya'yan itace. To mu duba namu.

MENE NE ABIN NAN DA HANJI YAKE SO?

Likitoci suna kiransa faiba. Shi ne ɓangaren abincin tsiro wanda tumbi da ƙaramin hanji ba sa iya narkar da shi, sai ya wuce har babban hanji. Dusar hatsi, ɓawon wake, jijiyar ganye, zaren mangwaro, tuƙar aya, duk shi ne. A abin da ya tsiro daga ƙasa kaɗai ake samun sa. Nama ba shi da shi ko kaɗan, haka kifi, ƙwai, madara, mai da sukari.

Iri biyu ne. Akwai mai narkewa a ruwa ya yi yauƙi, irin na kuɓewa da wake da sha'ir. Wannan yana riƙe ruwa ya tausasa bayan gida, yana rage saurin shigar sukari cikin jini, yana taimakawa wurin rage kitsen jini. Akwai kuma wanda ba ya narkewa, irin na dusa da ɓawo da ganye. Wannan yana ƙara wa bayan gida auki, sai hanji ya sami abin turawa, ya fita da wuri.

Ga yadda matsalar take faruwa. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci. Idan abin ya yi kaɗan, ba shi da dusa, sai ya daɗe a ciki, hanji kuwa bai daina tsotsa ba, har ya bushe ya yi tauri. Sai mutum ya shiga makewayi ya yi ta yunƙuri. Yunƙurin nan shi ke kumbura jijiyoyin jini na bakin dubura, yau da gobe su yi tsiro ko su riƙa zubar da jini. Wani kuma taurin ya tsaga wurin. Wannan shi ne mafi yawan abin da muke kira basir.

Akwai kuma wani abin al'ajabi. A cikin babban hanjin kowannenmu Allah Ya ajiye ƙananan halittu bila adadin, waɗanda ido ba ya gani, masu amfani. Faiba shi ne abincinsu. Idan sun ci, suna fitar da wasu sinadarai da fatar hanjin kanta take rayuwa da su. Kenan in ka hana kanka dusa da ganye, akwai bayin Allah a cikinka da ka bari da yunwa, kuma kai za ka biya kuɗin.

NAWA AKE BUƘATA A RANA?

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta: babban mutum ya sami aƙalla giram 25 na faiba kowace rana daga abinci, tare da aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 aƙalla giram 15, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 21, daga shekara 10 zuwa sama giram 25 kamar babba. A Ingila hukuma ta sa giram 30 ga manya. A Amurka ana cewa kimanin 25 ga mata, 38 ga maza. Mu riƙe 25 a matsayin mafi ƙaranci, wanda ya kai 30 ya kyauta.

Kada a rikice. Ba ana nufin ka auna giram 25 na abinci ba. Nauyin faiban da ke cikin abincin ake nufi. Bari mu yi lissafi da abin da muke saya a Tsohuwar Kasuwa da Ramin Kura, a bisa kusanci:

Kofi ɗaya na dafaffen wake da ɓawonsa, kimanin giram 11.
Dankalin Hausa matsakaici guda ɗaya, in an ci da ɓawonsa, kimanin giram 4.
Gwaiba ɗaya, kimanin giram 3.
Gyaɗa cikin tafin hannu, giram 2 da ɗoriya.
Dabino uku, kusan giram 2.
Karas ɗaya, kusan giram 2.

Ku haɗa ku gani, an kusa 25 ke nan, tun ba a sa tuwon dawa da miyar kuka na dare ba. Yanzu ku dubi ɗaya ɓangaren. Farantin farar shinkafa cike, giram 1 da 'yan kai. Farin burodi na karin safe, 2 zuwa 3. Tsire, babu. Lemon kwalba, babu. Shayi da madara, babu. Da muka lissafa abincin Baba Alhaji na yini guda, bai kai rabin abin da ake buƙata ba. Kuma ba talauci ya jawo masa ba, 'ya'yansa suna yi masa hidima. Wadata ce ta zo ta kori abincin da ya tashi da shi.

Ba taurin ciki kaɗai abin ya shafa ba. A shekarar 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban nazari da masana na Jami'ar Otago a ƙasar Niyu Zilan suka yi, inda suka tattara binciken shekaru kusan 40. Sun ga cewa masu cin faiba da yawa, kimanin giram 25 zuwa 29 a rana, sun fi masu cin kaɗan tsira daga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon sukari da dajin babban hanji. Ajali yana hannun Allah, babu shakka. Amma wanda ya ce mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara, shi ne ya umurce mu da neman magani.

Abin da zai ba ku mamaki, daga wurinmu 'yan Afirka Turawa suka koyi wannan darasi. Wani likitan tiyata ɗan Ailan mai suna Denis Burkitt ya yi aiki a Yuganda kusan shekara 20 daga 1946. Ya lura mutanen karkara masu cin hatsi da dusarsa da wake da ganye ba su cika zuwa da taurin ciki da dajin hanji ba, alhali asibitocin Ingila cike suke da masu su. Da ya koma gida, daga farkon shekarun 1970 ya shiga yi wa mutanensa gargaɗi su koma cin dusa. A 2015 ma an wallafa sakamakon wani gwaji: baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu suka yi musayar irin abincinsu na mako biyu kacal. Da aka duba hanjinsu, alamomin haɗari sun ragu a wurin Amurkawan, sun ƙaru a wurin 'yan Afirkan. Mako biyu! Yau Bature yana sayen burodi mai dusa da tsada, mu kuma mun kai hatsi inji a surfe shi fes, mu tankaɗe, mu zuba wa awaki dusar, mu ce mun waye.

MAGABATANMU BA SU JI KUNYA BA

Wani zai ce me ya haɗa malami da maganar hanji? Ya je ya tambayi tarihin garin nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato a 1809, ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, yana kwance a Wurno, duk da jihadi da mulki da karantarwa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan likitanci. A cikinsu akwai risala ta musamman kan basir da magungunansa, akwai wata kan tsutsar ciki, akwai wata kan filasko. Baffansa Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki wuri ɗaya. Sarkin Musulmi guda bai ga ƙasƙanci ba wurin rubutu kan basir, saboda ya san mai ciwon nan ba ya jin daɗin salla, ba ya iya zaman karatu, ba ya iya hawan doki.

Kuma gaskiya ne, ciki yana da alaƙa da ibada kai tsaye. Annabi (SAW) ya hana mutum ya shiga salla yana matse da fitsari ko bayan gida, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha. Mutum nawa ne kumburin ciki ya jefa su cikin waswasin alwala, suna sake ta sau uku kafin a tayar da salla? Mutum nawa ne suka daina zuwa karatun tsakanin Magariba da Isha saboda zaman tabarma ya gagare su? Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Ayyuba (RA) cewa a cikin godiyar da Annabi yake yi bayan cin abinci har da gode wa Allah da Ya sanya wa abincin hanyar fita. Fitar abinci ni'ima ce kamar shigarsa. Ba mai sanin haka sai wanda ya kwana huɗu bai zaga ba.

TO ME ZA MU YI?

Na farko, a dawo da wake, a riƙa ci da ɓawonsa. Na san wake ya yi tsada, ba a duniyar wata nake zaune ba. Amma in za a dafa shinkafa, a rage ta a ƙara wake. Kwaruru ma yana nan. Ƙosai da alala suna da amfani, sai dai a tuna an wanke ɓawon, don haka ba su kai dafaffen wake ba.

Na biyu, in an kai gero ko dawa ko masara inji, kada a ce a surfe har sai ya yi fari tas. A wanke hatsin da kyau, a rege tsakuwa, a surfa sama-sama, a rage tankaɗe. Tuwon ba zai yi farin da muka saba ba, amma shi ne irin wanda kakanninmu suka ci suka yi noma har tsufa. Hoce, dambu, fate, ɗanwake, furar gero, kada mu bari su zama labari.

Na uku, ganye kowace rana. Zogale, rama, tafasa, sure, alayyafo, lalo, kuka, kuɓewa. Allah Ya ba mu fadamun Rima, daga Goronyo har Kwalkwalawa, ana noma albasa da karas da kabeji da latas. Zogale kuwa ko a bayan ɗaki aka dasa shi zai tashi. Kwaɗon zogale da ƙuli ba abincin kunya ba ne. Mu daina ɓoye shi in baƙo ya yi sallama.

Na huɗu, 'ya'yan itace a ci su da tuƙarsu, ba a matse ruwan a zubar da sauran ba. Mangwaro, gwaiba, lemo, kankana, gwanda in an samu hali. In babu, ga goruba, magarya, kanya, aduwa, ɗinya, aya. Kuɗin biskit da alawar da muke ba yara in za su makaranta ya isa sayen gyaɗa ko dabino.

Na biyar, ruwa. Wannan sharaɗi ne, musamman a garinmu da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu. Faiba ba tare da ruwa ba yana iya ƙara taurin ciki. A riƙa sha har fitsari ya yi haske. A lokacin azumi a rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur, a sa wake ko ganye a sahur, kada faranti ya zama soye-soye zalla. Haka a kwanakin Layya, a haɗa naman da ganye.

Na shida, a bi a hankali. Wanda ya saba da burodi da farar shinkafa, in ya tashi rana ɗaya ya cika ciki da wake da zogale, zai sha kumburi da iska, ya ce Malam ya cuce shi. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku, hanji zai saba. Kuma ƙarin faiba ba izinin cika tumbi ba ne. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba yana nan a Tirmizi, wanda ya raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi.

Na bakwai, in bayan gida ya zo a tashi a je, kada a riƙe saboda kasuwa ko hira. Kada a shiga da waya a zauna ana latse-latse, daɗewa a tsugune na ƙara basir, kuma wurin ba wurin zama ba ne a shari'a. A riƙa taka ƙafa. Tafiya masallaci sau biyar a ƙasa lada ce, kuma hanji yana son motsi.

Ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta saboda kwalara da taifot. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar. Jariri kafin wata 6 nonon uwa ya ishe shi. Mai ciwon ƙoda, ko wanda aka yi wa aikin hanji, ko mai wata cutar hanji da likita ke bibiya, ya tambayi likitansa kafin ya canza abinci.

Ina kira ga magidanta musamman. Kada ka karanta wannan ka koma gida ka hau uwargida da faɗa. Cefane a wuyanka yake. Abin da ka kawo shi za a dafa. Ku tuna mata masu juna biyu da masu jego sun fi kowa fama da taurin ciki da basir, kuma sun fi kowa ɓoyewa. Ka tambaye ta da tausayi, ka kawo mata ganye da 'ya'yan itace, ka ba ta izinin zuwa asibiti.

BA KOWANE JINI NE BASIR BA

Wannan shi ne wurin da nake so a fi riƙewa. Na san wani bawan Allah, bai kai shekara 50 ba, mai ƙananan yara. Kusan shekara biyu yana ganin jini, yana ramewa, yana cewa basir ne, yana shan jiƙo. Ranar da aka kai shi asibiti aka ce dajin hanji ne, kuma ya riga ya bazu. Ni na yi masa salla. Allah Ya jiƙansa Ya raya abin da ya bari. Kwanansa ne ya ƙare, mun yi imani da haka, amma darasin ya rage namu.

Don haka wanda ya ga jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko yana ramewa ba dalili, ko yanayin zagawarsa ya canza ya ɗauki makonni, ko ciwon ciki ya ƙi tafiya, ko yawan kasala da rashin jini, to kada ya tsaya kan wake da zogale, kada ya tsaya kan jarka. Ya tafi asibiti a duba shi, balle in ya haura shekara 45 ko an taɓa samun dajin hanji a danginsa. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru, ga na unguwanni. Buɗe al'aura ga likita saboda lalura shari'a ta halatta shi gwargwadon buƙata. Kuma masu sayar da magani su ji tsoron Allah. Wanda bai duba maras lafiya ba, bai san abin da ke cikinsa ba, ya ce masa kwalba ɗaya ta isa, in aka rasa rai saboda jinkirin da ya jawo, yana da amsar da zai bayar. Ganyen da ke sa gudawa irin filasko yana buɗe ciki na rana ɗaya, amma yawan shan sa ba tare da shawarar likita ba yana da illa, kuma ba ya gyara abin da ya jawo taurin.

Baba Alhaji dai an ba shi magani na 'yan kwanaki, aka canza masa abinci, aka ce ya dawo a sake dubawa, ya kuma koma. Da farko ya yi ta ƙorafi wai an mayar da shi ƙauye. Bayan kamar wata biyu, wata Asuba na juyo bayan sallama sai na gan shi a wurinsa na da, bayan liman ta dama. Da muka fito ya kama hannuna ya ce, "Malam, yanzu ni da awaki raba dusar mukai." Na ce Allah Ya ƙara lafiya, Baba. Shi ya ba ni izinin ba da labarinsa, da sharaɗin kada in faɗi sunansa.

Ɗan uwa, yau da dare ka yi abin da likitan nan ya sa Baba ya yi. Ka lissafa abin da ka ci daga safe, da abin da iyalinka suka ci. Ina wake? Ina ganye? Ina ɗan itace? In babu ko ɗaya, gobe ka shigo gida da ɗaya daga ciki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya sa wa abincinmu albarka, Ya yalwata wa wanda ba shi da shi, Ya sa ƙarfin da muka samu mu yi masa ɗa'a da shi. Wanda ya amfana ya tura wa ɗan uwansa, wataƙila akwai mai ɓoye irin wannan ciwo a kusa da kai.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum warahmatullah.